Cokali a Hannun Hagu

Aikin ido ne ya kai ni Masar. Idona na dama ya rufe da yana, na hagun ma ya fara hazo, sai ɗana na fari da ke aiki a ofishin jakadancinmu a Alƙahira ya aika aka ɗauko ni. Likita ya gyara ɗaya, ya ce a jira ɗayan ya nuna, sai ka ce mangwaro. Jiran nan ne ya zaunar da ni fiye da shekara a wani bene a unguwar Ma'adi, a shekarun da garin yake a hargitse, yau a ce kar kowa ya fita, gobe a ce a fita.

Sai na faɗi yadda muke da shi wannan ɗan nawa, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa tsayawa na dube shi na yi masa magana ba. Ɗan fari ne, kuma haka aka raine mu a ƙasar Katsina, ban ga aibin abin ba har gobe. Kakarsa ce ta yaye shi, a ɗakinta ya girma, ni ina tsakar gida ina jin muryarsa. In zan ambace shi sai in ce mai gidan nan. In ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. In ina da magana da shi, matarsa zan faɗa wa, ko ɗansa, su kai masa, ko da kuwa yana zaune a kujerar da ke kusa da tawa. Ya haura hamsin muna haka, ba mu taɓa saɓawa ba.

Ɗan nasa kuwa, jikana, shi ne mijina na wasa. Saurayi ne a ajin ƙarshe na makarantar Turawa, dogo, wuya kamar turmi. Da ya shigo gida zai fara.

"Tsohuwa, yau me kika dafa wa mai gida?"

"Mai gidan da bai ajiye cefane ba? Iska na dafa maka."

"To ki zuba mini iskar, ki sa man shanu."

Wasa biyu yaron nan yake yi, kuma duka biyun ban taɓa jin labarinsu ba sai a Masar. Na farko zari-ruga, su suna ce masa ragbi. Ranar da na fara ganin wasan a talabijin da sabon idona, sai da na ajiye carbi. Ƙarti ne, kowanne ya kai ƙofa faɗi, suka sunkuya suka haɗa kai da kai kamar raguna, suna turereniya a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Ɗaya ya fizge ta ya ruga, wasu suka bi shi suka kayar, suka hau kansa. Na jira in ga an kawo makara. Sai ya tashi ya share hanci ya koma. Babu kalangu, babu kirari, babu wanda ya zo raba su.

Na biyu kurket. Wannan ranar Juma'a yake yi bayan an sauko daga masallaci, shi da 'ya'yan Indiyawa da 'yan Pakistan na unguwa. Ya taɓa ɗora mini ƙwallon a tafin hannu. Ja ce, da ɗinki a tsakiya, tauri kamar goruba. Na ce wannan ai makami ne. Ya ce jefo ta ake yi da ƙarfi, wani ya doke ta da katako, wasu su cafe da hannu. Na ce da hannun mutum? Ya ce da na wa?

Yaron nan ba ya zama. Kafin makaranta gudu, bayan makaranta atisaye, daga nan malamin lissafi, Juma'a kurket, Asabar zari-ruga. A garinmu ko jaki ana sauke masa mangala in kasuwa ta watse. Ubansa ma haka: waya biyu, fita da sassafe, yau ɗalibanmu sun shiga matsala a unguwar Hay el-Sabi', gobe baƙi sun sauka daga gida. Uba da ɗa suna gida ɗaya, a bakin lif suke gaisawa.

Cikin sanyin shekarar, surukata ta tafi gida bikin ƙanwarta. Gidan ya rage mu uku. Wata Juma'a da yamma jikana ya dawo daga kurket, hannun dama a aljihun rigar sanyi. Na zuba masa tuwo miyar kuka, abin da yake ci da hannu har ya suɗe kwano. Sai na ga ya tashi ya ɗauko cokali, ya riƙe shi da hagu.

Na bi cokalin da kallo.

"Yaushe ka koma bahago?"

"Sanyi nake ji, tsohuwa. Na daman yana hutu."

"Wanda ya ci da hagu da wa yake ci?"

"Da ke nake ci. Ma'alish, yi haƙuri, yau kawai."

Ba yau kawai ba ce. Washegari da hagu, jibi da hagu. Kofin shayi ma da hagu.

Yana da aboki, ɗan abokin aikin ubansa, mutanen Filato ne, Kirista, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Tare suke zari-ruga. Ni Kaka yake ce mini, kuma dambun namana ne ke kawo shi gidan, ko da ya ce karatu. Tsakiyar mako ya zo da la'asar, suka baje a falo gaban talabijin suna kallon zari-ruga, ni ina gefe ina tsince wake.

Abokin ya ce, "Ka ji wancan ɗan Afirka ta Kudun ya sa hannu a kwantiragi? Faransa zai tafi."

"Ai na faɗa maka tun bara. Saura dogon nan, shi Japan."

"In duk suka watse, wa zai buga wa ƙasar?"

"Ƙasa za ta ba shi sabuwar gwiwa in tasa ta mutu? Bari ya je ya ci rabonsa tun yana da ƙafa."

"Can ɗin ma kashe su ake yi. Ka gama wasan kulob, ƙasa ta kira ka. Ka gama na ƙasa, kulob ya ce yalla, maza dawo. Babu rani babu damina."

Na ce, "To yaushe suke noma?"

Suka kwashe da dariya. Abokin ya ce, "Kaka, ai wannan shi ne noman."

"Matansu fa?"

"A waya suke ganinsu."

"Uwayensu?"

Jikana ya ce, "Ana turo musu hoto. Ke ma zan turo miki daga Faransa, ki rataye a ɗaki ki riƙa kuka."

Na ɗauka tsokana ce. Sai abokin ya juyo ya yi mini bayani da gaske: akwai wani Bature da zai zo ranar Asabar daga wata makarantar horar da 'yan wasa a Faransa, zai kalli wasansu, ya zaɓi waɗanda zai gayyata. Ya ce duk ƙungiyar babu wanda ake sa wa rai kamar jikana. Ubansa ma ya san da maganar, har ya yi alkawarin kai su filin da kansa.

Ina cikin juya wannan a raina, talabijin ta koma kurket. Aka nuno wani tsohon ɗan wasa yana ɗaga hannuwansa yana dariya. Yatsun nan babu guda ɗaya miƙaƙƙe, kowanne ya kama gabansa.

Abokin ya ce, "Dubi yatsu kamar citta. Karyewa suke yi yana naɗewa yana ci gaba. Kai ma da ka ji maganata ka bar kurket, wasan masu shan shayin nan, da yanzu ba mu tsaya neman filastar da za mu naɗe naka ba."

Jikana ya harare shi. Abokin ya cusa dambu a baki.

Na ajiye faifan wake. Na ce, "Fito da shi."

"Tsohuwa, ba komai ba ne."

"Ban ce ka ba ni labari ba. Fito da shi."

Ya zaro hannun daga aljihu a hankali. Bayan hannun ya kumbura kamar burodin Masar da aka ciro daga wuta, ya yi baƙi-baƙi, yatsu biyu na ƙarshe sun kwanta gefe. Na ce ya dunƙule. Ya gwada, gumi ya tsatso masa a goshi cikin sanyin nan.

Na san wannan hannun. Na zauna da irinsa shekaru masu yawa.

Mijina na gaske, kakan yaron nan, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa. Muna sabon aure aka yi damben kaka a wani gari kusa da mu. Ya je da tsagewa a hannunsa na dama, wadda ya samu a wasan da ya wuce, bai faɗa wa kowa ba sai ni. Ya ce kallo kawai zai yi. Da ya isa, mai kalangu ya hango shi ya fara kiransa da kiɗa, ya kira ubansa, ya kira kakansa. Sai mijin nawa ya sa aka naɗe masa hannun da zare ya shiga. Ya yi kisa kuwa, ya kai abokin karawarsa ƙasa, an ɗauke shi a kafaɗa. Hannun bai sake buɗewa daidai ba. Ya ƙanƙance ya lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Ga shi mahauci, amma ba ya iya riƙe wuƙa. Wasu ke yanka, wasu ke fiɗa, shi yana zaune bakin tire yana korar ƙuda. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne abinci. Da hagu yake ci, saboda haka bai sake sa hannu a kwano ɗaya da maza ba, ko a zaure, ko a wurin suna, ko ranar Salla. A ɗakina yake ci shi kaɗai, an saki labule, har ya bar duniya.

Na faɗa wa yaran nan wannan duka. Abokin ya sunkuyar da kai. Jikana ya ce, "Wancan zamanin babu asibiti. Ni wasa ɗaya ne. Ana tashi zan je a duba."

"Shi ma wasa ɗaya ne."

"Baturen nan ba zai dawo saboda ni ba. Ki rufa mini asiri zuwa Asabar, khalas, shi ke nan."

Na ce ya kira mini uwarsa a waya. Ni ban yi boko ba, lambobin nan shi yake danna mini kullum. Ya ce babu kuɗi a wayar. Na ce ƙarya yake yi. Ya ce, "To ki faɗa wa Baba mana." Yana faɗa yana murmushi, domin ya san abin da ya faɗa. Yaron da na goya ya auna kunyata ya ga ta ishe shi katanga. Wannan ya girgiza ni fiye da kumburin.

Na duba hagu na duba dama. Matar mai gadin benen Larabci kawai take ji, ni kuma Larabcina bai wuce na salla ba. Ɗalibin da ke zuwa daga Hay el-Sabi' yana yi wa yaron tilawa yana cikin jarrabawa, ya ɗauke ƙafa. Bakin da nake aika saƙo da shi guda biyu ne, ɗaya yana Najeriya, ɗaya shi ne mai laifin.

Na gwada hanyar da na sani. Washegari da safe mai gidan yana tsaye yana shan shayi, waya a kunne, yana ta tamam, tamam, irin amsawar Larabawa. Na fuskanci firiji na ce da ƙarfi, "A gidan nan ana cin abinci da hagu, masu gida ba su sani ba."

Ya sauke wayar daga kunne, ya juya wurin ɗansa kamar yadda ya saba. "Me Inna take so?"

"Ta ce sanyi ya yi yawa, bargonta bai isa ba."

Da yamma sai ga bargo sabo, mai laushi, a cikin leda. Na zauna ina kallonsa. A rayuwata ban taɓa jin haushin kyauta ba sai ranar.

Na sake gwadawa ranar Juma'a. Na ce wa tagar falo, wanda bai duba garkensa ba kura za ta duba masa. Yaron ya ce wai ina tambayar ko an samo naman rago. Aka kawo naman rago.

Asabar ta zo. Da hantsi yaron ya fito da jakarsa a kafaɗar hagu, hannun dama a aljihu, na hango farar filasta ta leƙo. Abokin yana ƙasa yana jira. Mai gidan ya fito da makullin mota, yau babu rigar ofis, har da hular rana, fuskarsa a sake. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, za mu fita, a yi mana addu'a."

A nan ne kullum nake kallon bango in ce Allah ya kiyaye. Na ji ƙafafuna sun tashi da ni. Na je na tsaya a bakin ƙofa, na ba ta baya. Na ɗaga kai na dube shi.

Ashe ya yi furfura a gemu. Ashe goshin ubansa ne da shi sak, har da ɗan ramin nan a tsakanin gira. Da idon da ya biya aka gyara mini na fara ganin fuskarsa sosai.

Na ce, "Tsaya. Da kai nake."

Ya waiga bayansa ya ga ko akwai wani. Sannan ya zame ya zauna a ƙasa, ya cire hular. Ya ce, "Inna, wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Wa yake zuba wa ubanka ruwan alwala?"

Ya ce, "Ni ne."

"Wa yake kai masa kwano bayan labule?"

"Ni ne, Inna."

"To ka ce ɗanka ya fito da hannunsa daga aljihu."

Yaron ya tsaya baki buɗe, ba hannun ne a ransa ba, ni yake kallo kamar bango ne ya yi magana. Ubansa bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu kawai. Ya warware filastar da kansa, a hankali, zagaye bayan zagaye. Da ya ga abin da ke ciki sai ya rufe ido. Ya ce wa yaron, "Ajiye jakar."

"Baba, mutumin yau kawai zai zo."

"Na ji. Ajiye jakar."

Suka sauka. Ta taga na ga abokin ya tari tasi shi kaɗai, motar gidan kuma ta juya wata hanya. Ni na koma ɗaki na zauna bakin gado. Na ji kamar na fita kasuwa babu mayafi.

A asibiti hoto ya nuna ƙashi biyu sun karye a bayan hannun. Aka gyara, aka sa masa farin siminti har kusa da gwiwar hannu. Baturen ya kalli wasan, ya gayyaci yara biyu. Ɗaya abokin ne. Ya zo da kansa ya faɗa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, ko dambu bai karɓa ba.

Daga ranar jikana ya daina ce mini tsohuwa. Da safe zai tsaya ya ce, "Ina kwana, Hajiya," ya wuce. Na zuba abinci ya ce, "Na gode, Hajiya." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tsokane shi, na ce mijin da ba ya cefane yanzu kuma ba ya magana, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya." Ban ba shi haƙuri ba, domin ban yi masa laifi ba. Amma gidan ya yi mini faɗi.

Uban kuma wani sabon abu ya ɓullo da shi. In ya gaishe ni ba ya tashi nan da nan, sai ya ɗan jira, ko za a ƙara. Na koma kallon bangona. Magana ɗaya ce dama, kuma na yi ta. Sai dai ya fara dawowa da wuri, ya zauna a tebur tare da ɗansa, ya kife wayoyin nan biyu. Da surukata ta dawo aka ba ta labari, ta riƙe haɓa ta ce, "Inna da bakinta?" Na ce ta je ta duba tukunya.

Sanyi ya wuce kafin a fasa simintin. Hannun ya fito siriri, fari-fari, yana saɓa. Kullum yana matsa wata 'yar ƙwallon roba da likita ya ba shi. Ina kallonsa ta wutsiyar ido ina ƙirga yatsun da suke lanƙwasawa.

Wata rana da azahar na tuƙa tuwo. Ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ɗauko roba ya wanke hannun dama, ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya jawo kwanona, ba nasa ba. Ya yanki loma, ya mulmula ta da yatsu biyar, ya dangwali miya.

Ya ce, "Babu gishiri."

Na ce, "Wa ya kira ka?"

"Na huce ne. Na dawo ɗakina."

"A garinku namiji ne yake yaji?"

"Ke kika ja. Kin cinye mini Faransa, tsohuwa. Har abada ina binki."

"Bi ni. Da wane hannu kake ci?"

Ya sake yankar loma.

Baturen bai dawo ba, kuma yaron bai je Faransa ba. Karatu ya tafi wata ƙasa daban, yana buga zari-rugarsa ranar hutu, kurket kuwa ya ce ya yafe. Har yanzu in ya bugo waya sai ya ce da ba don ni ba da yanzu ina ganinsa a talabijin. Wataƙila gaskiyarsa ne, ban sani ba. Nakan ce ya ɗaga hannun in gani a gilashin wayar, ya dunƙule, ya buɗe. Sai ya yi, yana mita, sannan mu gaisa.